Tumfafiya: Furen da ke tsaye a bakin hanyar Daura ba mai ba shi ruwa

Duk wanda ya bi hanyar Daura zuwa Mai'adua a watan Afrilu, lokacin da zafi ke haura digiri 40, abin da zai gani dama da hagu bai wuce rairayi da tushiyar gero da awaki suna lalube ba. Ciyawa ta ƙare tun bayan kaka. Amma nan da can, a gefen kwalta da bakin kududdufan da suka ƙafe, akwai wani tsiro da ke tsaye abinsa da ganye fato-fato, kore mai toka-toka, a kansa kuma ga curin furanni.

Tumfafiya ce. Babu yaron da bai san ta ba a Daura da Sandamu da Zango da Baure da Mai'adua, ƙananan hukumomi biyar na masarautar. Sai dai kaɗan ne suka taɓa tsayawa suka dubi furenta da kyau. Wanda ya sunkuya zai ga kowane fure yana da leɓɓa biyar masu kauri kamar an ƙera su da kakin zuma, farare daga waje, daga ciki kuma bakinsu shunayya ne sosai, a tsakiya ga wani ɗan kambi mai kama da tauraro. Da a shagon furanni na Abuja aka ajiye shi cikin tukunya mai sheƙi, da an tambayi kuɗinsa.

Hausawa sun ce, ido wa ka raina, wanda nake gani yau da gobe. Abin da ya sami tumfafiya ke nan. Tana fitowa a bola da kufai da bayan gari da gonar da ta gaji, don haka ba a lissafa ta cikin abin ado.

Lissafin ruwa

A 'yan shekarun nan Daura ta cika da sababbin gine-gine. An buɗe kwalejin kimiyya da fasaha ta tarayya, an gina jami'ar sufuri, ga gidajen ma'aikata da na 'yan kasuwa da ke ta miƙewa a bayan gari. Sabon gida kuwa yana son ado a ƙofa, kuma yawancin abin da masu sayar da furanni ke jerawa a bakin titunan biranen Arewa baƙi ne. Furen nan mai ƙaya da ke hawa katanga, bogenbiliya, daga Kudancin Amurka ya fito. Ciyawar da ake shimfiɗawa a farfajiya da dogayen itatuwan nan masu kama da mashi da ake jerawa a jikin katanga duk sun saba da inda ruwa ya fi na Daura yawa.

Daminar Daura gajeriya ce, daga Yuni zuwa Satumba, ruwan shekara kuma yana kai-komo ne a wajen milimita 600, wata shekarar ya ɗara, wata ya gaza. Sauran wata takwas sai abin da aka ɗebo. A tsakiyar bazara, kowace murabba'in mita ta ciyawar ado tana buƙatar lita 5 zuwa 7 na ruwa kullum in ana so ta zauna kore. Fili mai mita 10 tsawo da mita 10 faɗi ke nan zai sha lita 500 zuwa 700 a yini, wato jarka 20 zuwa 28 mai cin lita 25. Kura biyu ke nan ta 'yan ga-ruwa, ko fiye, kowace rana, a garin da tarihinsa kansa ya ginu a kan wahalar ruwa da rijiyar Kusugu. Mai burtsatse da sola zai iya. Sauran jama'a kuwa sukan shuka da damina cikin murna, watan Maris na zuwa komai ya ƙone, a sake saye baɗi.

Tumfafiya ba ta cikin wannan lissafi. Masana tsirrai suna kiranta Calotropis procera, Larabawa kuma ushar. Asalinta busassun yankunan Afirka ne da ƙasashen Larabawa har zuwa Indiya, kuma tana rayuwa a inda ruwan shekara bai kai rabin na Daura ba. Sirrinta yana ƙarƙashin ƙasa: saiwa ce guda mai nutsawa mita uku ko fiye tana bin laima. Ganyenta yana da wani farin gari mai kama da kakin zuma da ke rage fitar ruwa, ɓawonta kuma mai taushi ne da kauri, yana kare ta daga zafi. Ba ta mutuwa da rani kamar ciyawa. Shekara da shekaru tana nan, tsawonta ya kai mita biyu zuwa huɗu, kuma kusan ko wane lokaci na shekara ana samun fure a jikinta.

Tsohuwar sananniya

Raina ta da ake yi a matsayin fure bai hana a more ta ba. Likitan nan ɗan Birtaniya, J. M. Dalziel, wanda ya tattara sunayen tsirrai na Hausa ya buga su a shekarar 1916, sannan ya fitar da babban littafinsa kan tsirrai masu amfani na Afirka ta Yamma a 1937, ya sanya tumfafiya cikin waɗanda ya yi bayani. Abin da aka rubuta a irin waɗannan littattafai tsofaffin ƙauye sun riga sun sani. Ana sāɓe ɓawonta a murza igiya mai ƙarfi. Itacenta ba shi da nauyi kuma gara ba ta cika damunsa ba, shi ya sa ake sa shi a jinka da rumfa. Gawayinsa mara nauyi maharba kan haɗa shi a albarushi. Audugar da ke cikin ƙwallonta, mai santsi kamar siliki, ana cusa ta a matashin kai.

A ƙasar Yarabawa, inda ake kiranta bomubomu, da kuma arewacin Jamhuriyar Benin, matan Fulani da ganyen tumfafiya suke daskarar da madara su yi cukun da ake kira wara ko wagashi. Akwai wani sinadari a ruwan ganyen da ke sa madara ta kama idan an ɗora ta a wuta. A Kenya kuma masu bincike sun gwada noma ta a yankunan da ke fama da fari, don a ga ko audugarta za ta shiga masaƙa. Wata 'yar uwarta mai manyan furanni, Calotropis gigantea, ita ake shukawa a Thailand da tsibiran Hawaii ana tsinke furen ana yin sarƙar wuya da shi ta biki.

Irin wannan ta taɓa faruwa da wani tsiron na yankin nan. Kariya, mai kumburarren gindi da jan fure mai haske da ke fitowa da rani lokacin da ba ta da ganye, tsiron Sahel ce. Masu lambu a Thailand da Taiwan suka ɗauke ta suka yi ta aure tsakanin iri, yau ana sayar da ita a duniya da sunan furen hamada, har ta kan dawo kasuwannin Najeriya cikin tukunya da farashin baƙuwa.

Yadda ake shuka ta

Samun iri ba ya buƙatar ko sisi. Ƙwallon tumfafiya, wanda yara ke takawa ya yi ƙara, iska ce ta cika shi, a tsakiya kuma akwai ɗaruruwan 'ya'ya masu faɗi, launin ƙasa-ƙasa, kowanne da gashinsa. Wanda ake nema shi ne ƙwallon da ya fara yin rawaya ya soma tsagewa da kansa. Ɗanye ba ya tsira. A zare 'ya'yan daga audugar a cikin ɗaki ko inda babu iska, in ba haka ba rabi zai tashi, a shanya su a inuwa, a ajiye cikin takarda. Kada a bar su su shekara, domin sabon iri ya fi saurin fitowa.

Lokacin shuka shi ne farkon damina, bayan ruwa ya zauna, wato ƙarshen Yuni zuwa Yuli. Abu mafi muhimmanci shi ne a shuka ta a inda za ta zauna har abada. Saboda doguwar saiwarta, tumfafiya ba ta son dashe. Wanda ya je bayan gari ya tono babba ya kawo gida, sau da yawa saiwar ce zai tsinke, bayan kwana kaɗan ta bushe. A tona ɗan rami, a zuba 'ya'ya uku ko huɗu, a rufe da ƙasa kamar kaurin yatsa. Cikin mako ɗaya zuwa biyu za su fito. Idan sun yi ganye huɗu sai a bar mafi ƙarfi a cire sauran. Mai son reno a leda zai iya, amma ya nemi doguwar leda, kuma ya dasa kafin saiwar ta huda gindinta. Ana kuma iya yanko reshen da ya ƙosa, tsawon kamu ɗaya da rabi, a bar shi a inuwa kwana ɗaya ko biyu bakin yankan ya bushe, sannan a kafa shi a rairayi mai laima. Wannan ba ya kamawa kullum kamar iri.

Ƙasar Daura mai rairayi ita ce abin da take so. Ba ta buƙatar takin zamani, taki na gida ma ɗan kaɗan ya isa. Abu biyu ne ke kashe ta: inuwa da kwanciyar ruwa. A ƙarƙashin dogonyaro ba za ta yi fure ba, a bakin rariya kuma saiwarta ruɓewa za ta yi. A ba ta rana tun safe har yamma, a bar tazarar mita biyu tsakanin kowace da 'yar uwarta, a kuma nisanta ta da harsashin gini da bututun ruwa da ramin masai. Wanda gidansa siminti ne ko'ina zai iya raba durom biyu, ya huda gindin, ya cika da yashi da ɗan taki, sai dai ta cikin durom ba za ta yi girman ta ƙasa ba kuma za ta riƙa neman ruwa lokaci-lokaci.

A ranin farko, bokiti ɗaya a mako ya wadatar. Daga damina ta biyu a daina ba ta ruwa gaba ɗaya. Yawanci a shekara ta biyu take fara fure.

Abin da ke bambanta tumfafiyar gida da ta bola shi ne aski. Idan aka ƙyale ta, sai ta miƙe ta zama doguwa mai ƙwarangwal, ganye a sama kawai. Idan kuwa aka datse ta daidai ƙugu gab da faɗuwar damina, sai ta fito da rassa da yawa ta yi dumɓu, kuma a bakin sababbin rassa furen ke fitowa. Sai kuma a riƙa cire ƙwallayen tun suna ɗanyu. Wannan haƙƙin maƙwabta ne. Ƙwallo ɗaya da ya fashe a iskar hunturu zai watsa ɗaruruwan iri a gonakin mutane, kuma manomi ya san wahalar tumɓuke ta: a sare ta, ta tofo daga saiwa. A arewacin Ostireliya da arewa maso gabashin Brazil, inda aka kai ta daga waje, ta mamaye filayen kiwo, har hukumomi a wasu sassan Ostireliya suka sanya ta cikin tsirran da doka ta ce a yaƙa.

Nonon da ke makanta ido

A nan ne maganar take da nauyi, kuma duk wanda zai shuka tumfafiya a gida ya kamata ya tsaya a nan ya yi tunani. Ko ina aka karya a jikinta, ganye ko reshe ko ƙwallo, farin nono ne ke tsattsafowa. Gargaɗin da iyaye ke yi wa yara cewa nonon tumfafiya yana makanta ido gaskiya ne, likitocin ido a Indiya da Saudiyya sun rubuta rahotanni a kansa. Idan ya fantsama a ido, baƙin idon ne ke kumbura ya yi hazo, gani ya dusashe cikin 'yan sa'o'i. Abin da ke yaudarar mutane shi ne sau da yawa zafin ba ya da yawa, sai a ɗauka abin wasa ne. Akasarin waɗanda suka je asibiti da wuri ganinsu yana dawowa cikin kwanaki ko makonni, amma binciken likitocin ya nuna wasu ƙwayoyin halitta na cikin baƙin idon da suka mutu ba sa dawowa.

Idan tsautsayi ya faɗa, a wanke idon nan take da ruwa mai tsabta, a yi ta kwarara shi na aƙalla minti 15, sannan a nufi asibiti a ranar. Kada a murza, kada a ɗiga nonon uwa ko ruwan sukari ko a sa kwalli. Mai askin tumfafiya ya sa tabarau da safar hannu ko ya ɗaura leda, ya tsaya ta inda iska ke fitowa, kada ya yanki reshen da ke saman kansa, ya kuma wanke hannu da sabulu kafin ya taɓa fuska ko ya yi alwala.

Ciki ma haka. Nonon yana ɗauke da sinadarai, irin su kalotirofin, masu taɓa bugun zuciya, shi ya sa a wasu sassan Afirka aka yi amfani da shi a dafin kibiya. Masu maganin gargajiya suna sa saiwa da ganye da furen tumfafiya a magunguna iri-iri, wasu ma na danganta ta da maganin mayu da aljanu. Kasancewarta a ƙofar gida ba izini ba ne na a riƙa tsinka ana jiƙawa ana sha. Tsakanin abin da jiki zai ɗauka da abin da zai kwantar da mutum tazarar ba ta da yawa, kuma babu mai auna ta da ido. Mai juna biyu da mai ciwon zuciya su ne suka fi shiga haɗari.

Saboda haka ba kowane gida ne ya dace da ita ba. Tsakar gidan da yara ƙanana ke rarrafe, harabar makarantar firamare ko Islamiyya, kusa da madafa, duk ba wurinta ba ne. Dabbobi kan guje mata, ko da yake awaki da tumaki kan ci busasshen ganyen da furen idan rani ya tsananta, don haka kusa da turke ma a bar shi. Inda ta fi dacewa shi ne bayan katanga ta waje, gefen hanyar shiga manyan gidaje, shataletale, tsakiyar tagwayen tituna da harabar ofisoshi, wato daidai wuraren da ake kashe kuɗi a shuka baƙin furanni, a ɗauki wata biyu ana ba su ruwa da tanka, daga baya a bar su su bushe. Dafi kuwa ba a kan tumfafiya aka fara ba: kariya ma dafi gare ta, haka wasu furannin waje da ake jerawa a gidaje ba tare da an tambaya ba.

Baƙin da take jawowa

Wanda ya shuka tumfafiya ba shi kaɗai zai more ta ba. Manyan baƙaƙen ƙudajen nan masu huda itace, dangin ƙudan zuma, su ne ke yi mata barbara. Garin furenta ba ya tashi a iska, a ƙunshe yake cikin 'yan jakunkuna da ke maƙalewa a ƙafar ƙwaro idan ya zo shan zaƙi, ya kai wa fure na gaba. Akwai kuma malam-buɗe-littafi mai launin ruwan goro da baƙin baki da ɗigon fari, wanda masana ke kira Danaus chrysippus. A ganyen tumfafiya yake yin ƙwai, tsutsarsa mai zanen fari da baƙi da rawaya ta ci ganyen ta tara dafin a jikinta, shi ya sa tsuntsaye ke ƙyale ta har bayan ta yi fiffike. Dabarar farar tumfafiya ke nan ita ma, wadda duk da kyan launinta ba mai soya ta. Idan aka ga tsutsar tana cin ganye, kada a yi saurin ɗauko maganin feshi, tsiron zai mayar da ganyensa. Darɓa mai launin rawaya da kan taru a bakin rassa kuwa, ruwan sabulu ya ishe ta.

Akwai wasu masu furen shunayya a dajin Daura da ido zai so. Duman rafi, mai yaɗo a bakin fadama da fure kamar mazurari, yana rufe ƙasa ya riƙe rairayi, sai dai yana sa wa dabbobi karkarwa idan suka ci da yawa. Ɗaya kuma ko da wasa kada a kawo shi gida: ƙuduji, wanda wasu ke kira wuta-wuta. Furensa kyakkyawa ne, amma a saiwar gero da dawa yake rayuwa, kowane tsiro yana zubar da dubban iri, irin kuma yana iya kwana a ƙasa fiye da shekara 10 yana jira.

Abin da ba za ta iya ba

Manoma suna da gaskiya da suke kallon yawan tumfafiya a matsayin alamar ƙasa ta gaji. Inda aka yi kiwo fiye da kima ko aka noma gona har ta sare, ita ce ke fara mamayewa. Ba ta ba da inuwar kirki, ba ta ƙara wa gona ƙarfi kamar gawo, ba ta tare iska kamar layukan dogonyaro da aka dasa a arewacin Jihar Katsina. Katsina na cikin jihohi 11 na Najeriya da ke cikin shirin Babbar Koriyar Ganuwa da Tarayyar Afirka ta amince da shi a 2007, kuma aikin da ke gaban wannan shiri na itatuwa ne, fure ba zai yi shi ba.

Amma a tsallaken iyaka, a jihohin Maraɗi da Damagaram, manoma sun nuna abin da ke faruwa idan aka daina raina abin da ya tsiro da kansa. Tun daga shekarun 1980 suka fara barin tohon gawo da kalgo da sabara a gonakinsu suna yi masa aski maimakon sarewa, abin da suke kira sassaben zamani, kuma an ƙiyasta cewa ta haka itatuwa sun dawo a fili mai faɗin hekta miliyan 5. Ba a kawo irin daga ko'ina ba, yana nan cikin ƙasa.

Masu zuwa kasuwar Mai'adua ranar Lahadi suna wuce ɗaruruwan tumfafiya kafin su kai. Daga hunturu zuwa bazara ƙwallayen ke yawan fashewa, audugar na bin iska tana maƙalewa a ƙaya. Mai niyyar shukawa a daminar bana, a lokacin ne zai tsaya a gefen hanya da 'yar takardarsa da leda a hannu, ya zaɓi wanda ya tsage da kansa.